Askin Tsoho

Shekara goma sha tara Mai aski yana yi wa mahaifinsa aski duk ranar Laraba da hantsi, kuma a tsawon shekarun nan ba hannun da ya taɓa kan Tsoho sai nasa. Yana faɗin haka a shago ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. In ka zauna a kujerarsa ka yi kuskuren cewa kai ma kana da uba, to ka jawo wa kanka, don sai ka ji labarin ɗan tudun da ke bayan kunnen Tsoho na hagu, wanda in ba gwani ba sai ya yanka. Mutumin kirki ne, wannan ba zan hana shi ba. Amma Allah ya zuba masa kishi, irin wanda ko kaza ya ga ta fi sakewa da maƙwabci sai ya kwana da abin a ransa.

Su biyu ne 'ya'yan Tsoho, shi da Auta. Mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa. Auta ya shekara goma sha ɗaya a wani gari yana zanen gine-gine a kwamfuta, sai dai waya da ziyarar kwana biyu. Da aka ce Tsoho yana da ciwon daji, sai ga shi ya dawo da jaka ɗaya da kwamfutarsa, ya ce ai aikinsa ko'ina ya zauna yana yiwuwa.

Ranar da za a sallami Tsoho daga asibiti, nas ta tsayar da su biyun a baranda da takarda a hannunta.

"Ku saurare ni da kyau," ta ce. "Maganin da ake ƙara wa babanku yana yaƙar ciwon, amma yana karya masa garkuwar jiki. Murar da za ta sa ku atishawar kwana biyu, shi tana iya dawo da shi gadon nan. Don haka mutum ɗaya ne zai riƙa shiga ɗakinsa. Ya wanke hannu da sabulu, ya sa takunkumi a hanci da baki, a bar taga a buɗe. Masu dubiya su tsaya daga waje. Ba reza, ba aska, don in ya yanke jinin ba ya tsayawa da wuri. A auna zafin jikinsa safe da yamma. In ya kai talatin da takwas kada ku tsaya shawara, ku kawo shi."

Mai aski ya riga ya matso gaba. "Ni ne babba," ya ce, yana miƙa hannu ga takardar.

"Mene ne sana'arka?"

"Aski."

"Kai nawa kake yi a rana?"

Gaskiyar magana, in ya yi goma sha biyar ranar ta yi kyau. Amma Auta yana tsaye a gefensa da gilashinsa da agogonsa, ita kuma nas ta zuba masa ido. Sai ya gyara tsayuwa.

"Talatin. Ƙarshen mako har arba'in."

"Yara fa?"

"Uku, duk suna makaranta."

Ta juya ga Auta. Shi ba mata, ba yara, ba wanda yake gani sai allon kwamfuta. Ta miƙa masa takardar. Haka Mai aski ya yi wa kansa da bakinsa.

Daga ranar taga ta zama wurinsa. Ɗakin Tsoho yana ƙarshen gidan, tagarsa tana da ƙarfe da raga, tana kallon wani ɗan lungu inda ake shanya. A nan yake tsayawa kullum da la'asar, igiyar shanya tana taɓa masa ƙeya, yana leƙen ɗakin da shi ya yi wa fenti da hannunsa. Auta ya sauya komai. Ya janye gadon daga inda yake, ya naɗe darduma mai gashi ya fitar, rediyon Tsoho ya koma hagu. A bakin ƙofa ya ajiye kujera 'yar tsugune da roba da sabulu da buta, ya manna takardar nas a sama da su kamar shi ya rubuta ta.

Ba wannan ne ya fi ci masa rai ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yaron ya iya. Yana ɗaga Tsoho a hankali, ya san lokacin kowane magani, yana auna zafin jiki ya rubuta a ɗan littafi. Mai aski ya yi ta neman kuskure har idonsa ya gaji. Ran nan ya ce ruwan ya yi zafi, aka ce Tsoho ne ya ce a ƙara. Ran nan ya ce filon ya yi tudu, Tsoho ya ce haka yake so yanzu.

"Yanzu?" in ji Mai aski. "Da ai ba ka son tudu, Baba."

"Auta ne ya gwada mini, na ji daɗinsa."

Auta, Auta. Sunan ya zama kamar tsakuwa a takalminsa. "Auta, ba ni ruwa." "Auta, zo ka ji abin da suke faɗa a rediyo." Wata rana ya iso ya tarar suna dariya su biyu, dariya sosai, har Tsoho yana share ido. Ya tambayi abin da ya faru, suka ce ba komai, wani abu ne da ya wuce tun safe. Ya koma gida ya ƙi cin abinci. Mutum mai shekara arba'in da shida, da furfura a gemu, yana fushi don an yi dariya ba da shi ba.

Matarsa ta ce, "Baban yara, ai murna ya kamata ka yi. Ana kula da Baba."

"Na ce ba a kula da shi ne? Shekara goma sha ɗaya wa ya kai shi gwajin ido? Wa ya gyara rufin ɗakin? Mutum ya zo jiya da jaka ɗaya, yau shi ne mai ɗaki, ni ne mai taga."

Ta ɗauke kwanon ta ƙyale shi, don ta san halin kayanta.

Laraba uku suka wuce ba aski. A ta huɗu gashin Tsoho ya fara zuba saboda maganin. Yana tashi ya bar shi a filo, nan da can, kan ya zama wani wuri baƙi wani wuri fili. Tsoho mutum ne mai son tsafta, abin ya dame shi fiye da ciwon.

"Ku dube ni," ya ce, yana shafa kan. "Kamar gonar da awaki suka shiga. A kwashe shi duka in huta."

"Zan sayo kilifa gobe, Baba," in ji Auta. "Nas ta ce kilifa ba laifi in sabuwa ce. Zan duba a waya yadda ake yi."

Mai aski ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. A waya. Za a duba a waya yadda ake aske kan da ya yi shekara goma sha tara yana riƙewa. Ya kama ƙarfen tagar da hannu biyu.

"Kada ka kuskura," ya ce. "Filo ka ɗauka, rediyo ka ɗauka, wannan kam ba naka ba ne."

"Yaya, ba wani abu nake nufi ba."

"Na ce kada ka kuskura."

A tsaye a lungun ya kira nas a waya. Ya yi mata bayani, ya roƙa, har ya rage yawan kawunan da yake yi a rana zuwa gaskiya. Ta saurare shi, sannan ta gindaya masa sharaɗi. Ya yi kwana bakwai bai shiga mutane ba, bai yi wa kowa aski ba, bai kwana cikin yara 'yan makaranta ba. In kwana bakwai suka cika ba tari, ba mura, ba ciwon maƙogwaro, ya shiga da takunkumi da sabuwar kilifa, minti goma, ya fito.

"In ka ji ko ƙaiƙayi ne a maƙogwaro, ka haƙura," ta ce. "Gashi ba ya kisa."

A daren ya kwashi tabarma da bargo ya koma shago, ya rufe ƙofa ta ciki, ya rubuta a kwali cewa an tafi hutu. Matarsa tana ajiye masa abinci a dakalin shagon ta ƙwanƙwasa ta ja da baya.

"Ni dai ban taɓa ganin maigidan da ya yi yaji ya koma shagonsa ba," ta ce masa ta bayan ƙofa.

Kwana huɗu ya yi daga shi sai madubai. Ya goge su har sau uku. Ya wanke tawul, ya kwance fanka ya share ta, ya ciro sabuwar kilifar daga kwalinta ya duba ya mayar. Yana jin masu wucewa suna karanta kwalin suna tsaki, bai kula ba.

Rana ta biyar wani direban babbar mota ya buga ƙofa. Shekara goma ke nan ba ya aski ko'ina sai a nan.

"Mai aski, na san kana ciki, ina jin fanka. Gobe zan tashi tafiyar mako biyu, dubi kaina."

"Ina hutu."

"Minti biyar fa."

"Ka yi haƙuri."

"To shi ke nan. Bari in gwada yaran nan na sabon shago a kwanar titi. An ce hannunsu da laushi."

Ai kuwa direban bai yi taku biyar ba ya ji an zare sakata. Mai aski ya ce wa kansa mutum ɗaya ai ba mutane ba ne. Ya zaunar da shi, ya yi masa askin da yaran kwana ba za su iya ba ko a mafarki. Direban ya yi atishawa sau biyu a cikin tawul, ya ce ƙurar hanya ce, ya tafi.

Ranar Laraba da asuba, rana ta bakwai, Mai aski ya haɗiyi yawu ya ji wani abu yana karce shi. Kaɗan ne, kamar ƙwayar gashi ta maƙale. Ya zauna a bakin tabarma ya sake haɗiyewa. Yana nan. Ya ce fanka ce. Ya ce ƙurar da ya share ce. Ya sha ruwan ɗumi, ya tsotsi alewar maƙogwaro har biyu, abin ya lafa, ya ce ka gani. Can ƙasan ransa ya san ƙarya yake yi, amma da ya tuna Auta riƙe da kilifa a hannu ɗaya waya a ɗayan, sai ya ɗauki jakarsa.

Auta ya tare shi a bakin ƙofar ɗakin, gaban roba da sabulu.

"Yaya, nas ta ce in tambaye ka. Ba tari?"

"Babu."

"Mura?"

"Babu."

"Maƙogwaro fa?"

Da nas ce ta tambaya, wataƙila da ya faɗi gaskiya. Amma wannan yaron ne, wanda shi ya goya, shi ya koya masa ɗaure takalmi, yau ya tsare masa ƙofar ubansa yana masa tambayoyi kamar ɗan sanda.

"Lafiyata ƙalau," ya ce. "Zuba mini ruwa."

Ya wanke hannu har gwiwa, ya ɗaura takunkumi, ya shiga.

Tsoho ya rame fiye da yadda taga take nunawa. Da ya ga ɗansa a tsakar ɗakin sai fuskarsa ta washe. "Mai aski ya iso," ya ce. "Yau za a mai da ni mutum." Daɗin da Mai aski ya ji a lokacin, ba abin da zai auna shi. Ya zaunar da shi kusa da taga, ya yafa masa farin tawul, ya dafa ƙeyarsa da yatsa uku kamar kullum. Auta ya koma lungu ya tsaya da agogo a hannu.

Aski kam ya yi aski. Kilifar tana tafiya a hankali, gashin yana sauka ba gardama. Ya naɗe kunnen da ɗan yatsa, ya zagaye tudun nan ba tare da ya duba ba. Tsoho ya lumshe ido. Mai aski ya saci kallon Auta don ya tabbata yana gani.

"Saura minti biyu, Yaya."

"Aski ba zanen gida ba ne, ba a yi masa agogo."

Ya kashe kilifar. Ya ɗauki buroshi ya kaɗe wuya da kafaɗa. Sai ya hangi 'yan guntayen gashi sun maƙale a cikin kunne da gefen ido, inda buroshi ba ya kaiwa. Duk mai aski ya san abin da ake yi a nan, kuma shi ya yi shi sau dubbai, kowace rana, ga kowane kai. Hannunsa bai nemi shawararsa ba. Ya ja takunkumin ƙasa, ya sunkuya dab da fuskar Tsoho, ya hure kunnen, ya hure gefen idon, ya sake hurewa.

"Yaya," in ji Auta, a hankali.

Sai a lokacin ya ji iskar ɗakin a leɓensa. Ya mai da takunkumin da sauri. Tsoho bai lura da komai ba, yana ta shafa kansa yana neman madubi.

A waje, Auta ya zuba masa ruwa ya sake wanke hannu. "Kada ka damu," ya ce. "Sabo ne. Tunda kwana bakwai ba ka ga kowa ba, kuma lafiyarka ƙalau, in sha Allah ba komai."

Mai aski ya ɗauki jakarsa. Ya bi ta lungu, ya wuce igiyar shanya, ya kai ƙofar gida, ya kama sakata. Ba wanda ya sani sai shi. In ya fita, ya yi askinsa, ya ci nasararsa, ba mai ce masa komai. Ya haɗiyi yawu. Alewar ta sake shi, abin ya dawo, ya ma fi na asuba. Daga ɗaki yana jiyo muryar Tsoho yana yabon askin.

Ya daɗe riƙe da sakatar. Sannan ya juyo.

Auta yana ɗauraye robar. Mai aski ya tsaya daga nesa, ya faɗa masa duka, da direban, da atishawar, da maƙogwaron, da alewar. Bai taɓa jin magana ta yi masa nauyi a baki haka ba, kuma ga wanda yake faɗa wa.

Ya so Auta ya zage shi. Da ya zage shi, da ya samu abin riƙewa, ya ce dubi yaron nan ba ya ganin girman kowa. Amma Auta ya ajiye robar kawai, ya goge hannu, ya kira nas. Ta ce a riƙa auna zafin jikin duk bayan awa huɗu maimakon safe da yamma, a haɗa jaka a ajiye, a san motar da za a kira.

"Ka je gida ka kwanta, Yaya," ya ce da ya gama. "Ka sha ruwa da yawa."

Ranar Alhamis mura ta kwantar da Mai aski sosai. Ranar Asabar da azahar waya ta yi ƙara. Talatin da takwas da ɗigo biyu, in ji Auta, suna cikin mota. Mai aski ya tashi zai sa takalmi, matarsa ta tsaya a ƙofa.

"Ina za ka da wannan hancin? Wa za ka je ka ƙara wa?"

Ya koma ya zauna. Kwana tara Tsoho ya yi a asibiti, biyu daga ciki da robar iska a hanci. Kwana taran nan Mai aski bai gan shi ba, labari sai ta bakin Auta, safe da yamma. Ya yi kuka, ya yi addu'a, kuma, Allah ya yafe masa, ko a cikin kukan yana tuna wa ke zaune a gefen gadon. Da aka ce haɗarin ya wuce, likita ya ce sa'arsu ɗaya, an kama zazzaɓin tun yana farawa. Da an jira awon yamma, da labarin ya sha bamban.

"Ka faɗa masa?" ya tambayi Auta a waya.

"Ban faɗa ba. Hankalinsa zai tashi, kuma ba abin da zai gyara."

Ranar da aka dawo da Tsoho, Mai aski ya warke sarai. Ya zo da la'asar ya tsaya a taga. Tsoho yana kishingiɗe, muryarsa ta yi ƙasa, amma idonsa garau. Suka gaisa. Auta yana bayansa yana jera magunguna a kan tebur.

"Mai aski, matso ka ji," in ji Tsoho. "Ka riƙe ƙanenka da kyau. Likita da kansa ya ce da ba a kama abin nan da wuri ba, da yanzu kuna zaman makoki. Yaron nan, ba wanda ya ce masa komai, haka kawai ya fara auna ni duk bayan awa huɗu. Har faɗa na yi masa, na ce ya ishe ni. Ashe Allah ne ya sa masa a zuciya."

Hannun Auta ya tsaya a kan kwalbar magani. Bai ɗago ba.

Maganar ta taso wa Mai aski har baki. Ni ne, Baba. Ni na dawo daga bakin ƙofa na faɗa, da ban faɗa ba da ba wanda ya auna ka. Abu ɗaya ke nan da ya yi daidai a cikin wata biyun nan, kuma shi ne mafi wuya da ya taɓa yi. Amma in ya ce shi ya faɗa, Tsoho zai tambaya me ya faɗa.

"Ko ba haka ba?" in ji Tsoho, yana jiran amsa.

"Haka ne, Baba," ya ce. "Allah ya yi masa albarka."

"Amin. Ɗaga murya mana, ya ji daga bakinka."

Mai aski ya riƙe ƙarfen tagar, ya ɗaga murya, ya sake faɗa.